Daga Wusasa zuwa Bukuru da Kagoro: abin da mai neman digiri na biyu a tauhidi zai tarar

Motar Jos daga Zariya gara a shige ta da sassafe. Hanyar ta haura kilomita 200, ta bi ta Soba da Pambeguwa da Saminaka, kuma tsakanin ramuka da shingayen jami'an tsaro babu direban da zai yi maka alkawarin lokacin isa. Na tashi daga Wusasa ne da saƙon matasan fastoci da masu bishara na wajenmu, waɗanda suka gama digiri na farko suna son ƙarin karatu a ilimin tauhidi, amma kowa da abin da ya ji a bakin wani. Gani ya kori ji. Na ce bari in je in zaga makarantun, in tambayi ofisoshin rajista da malamai da ɗaliban da ke ciki.

Da an wuce Saminaka ƙasa takan fara hawa. Kafin Jingir duwatsu sun fito, iska ta sauya, masu zama kusa da taga sun soma ɗaga gilashi. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma wanda zai zauna can daga Disamba zuwa Janairu ya zo da bargo mai kauri da rigar sanyi, domin da dare sanyin yakan sauka kusan digiri 10. Mai fitowa daga Zariya ta unguwar Mista Ali yake shiga gari, ya faɗo Farin Gada, inda buhunan kabeji da karas da dankalin Turawa suke jibge a bakin titi. A nan unguwar makarantar tauhidi ta ɗarikar ECWA take, wadda kowa ke kira JETS, an buɗe ta a 1980. Da ita na fara.

Abu na farko da ke rikita masu zuwa shi ne sunayen digirin, kuma na lura a kowane ofishin rajista da na shiga tambayar farko ɗaya ce: me ka karanta a digirinka na farko? Amsar ita ke raba hanya. Wanda ya yi digirin farko a tauhidi ko nazarin addinin Kirista zai iya shiga MA kai tsaye, shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, ya zaɓi fanni guda: Tsohon Alkawari, Sabon Alkawari, tsararren tauhidi, tarihin ikilisiya, aikin bishara, ilimin koyarwa ko ba da shawara. Wanda ya karanta wani abu dabam, a ce lissafi ko aikin gona ko lauya, sa'an nan ya ji kira zuwa aikin fasto, nasa shi ne MDiv, shekara 3, domin a nan ake haɗa masa dukan tushen da bai samu ba. Wasu makarantu suna da difloma ta bayan digiri, ta shekara guda, a matsayin gada. Akwai kuma MTh, wanda bincike ya fi yawa a cikinsa, shi ne mai son koyarwa ko digirin digirgir ya fi nema. A sama kuwa akwai DMin da PhD, kuma ba abu ɗaya ba ne. Na farko na fasto ne mai shekaru a bakin aiki da ke son gyara aikinsa. Na biyu na mai bincike ne, shi ne jami'a ke tambaya in za ta ɗauki malami. Na ga mutane da dama da suka yi DMin suna zaton zai buɗe musu ƙofar koyarwa a jami'a, abin ya zame musu baƙin ciki daga baya, alhali tambaya ɗaya a farko da ta raba gardama.

Takardun da ake nema ba su da wuyar lissafi, tara su ne aiki. Sakamakon sakandare mai kiredit 5 har da Turanci, shaidar digirin farko, cikakkiyar takardar sakamako ta kowane kwas wadda tsohuwar makarantarka za ta aika da kanta, takardar hidimar ƙasa ko ta ɗauke nauyinta, wasiƙun shaida daga malamai da shugabannin ikilisiya, da rubutacciyar shaidar tuba da kira. Sau da yawa akwai jarrabawar shiga da ganawa baki da baki. Abin da ya fi jawo wa mutum asarar shekara shi ne takardar sakamakon nan. Takan ɗauki watanni kafin ta fito, don haka a nemi ta tun kafin a sayi fom. Sai kuma bambancin suna: Yohanna a wannan takarda, John a waccan, ko sunan uba ya koma sunan kaka. A je kotu a yi takardar rantsuwa tun da wuri.

Maganar da na fi so matasanmu su riƙe daga wannan zangon ita ce ta amincewa da digiri. Iri biyu ce, kuma ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya. Akwai amincewar ACTEA, hukumar da ke tantance makarantun tauhidi na masu bishara a Afirka tun 1976. Wannan tana da nauyi a idon ikilisiyoyi da makarantun tauhidi na waje. Akwai kuma haɗin gwiwa da jami'ar da NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta sani, wanda shi ne gwamnati da jami'o'in Najeriya suke dubawa wajen ɗaukar aiki, ƙarin girma da shiga PhD. JETS da TCNN, makarantar tauhidi da ke Bukuru, duka suna da haɗin gwiwa da Jami'ar Jos. Amma ko a ina ne, kada mutum ya tsaya ga allon bakin ƙofa. Haɗin gwiwa kwas-kwas ake yinsa, don haka tambayar da za a yi ita ce: wannan digirin da nake nema, sunan wa zai fito a kan shaidarsa? In malamin makarantar gwamnati ne kai, mai koyar da addinin Kirista, amsar nan ita ce albashinka na gaba. In kuwa fasto ne kai da ba ka da niyyar barin bagade, ba lalle ta dame ka ba. Akwai ƙananan makarantu birjik a garuruwanmu da ke ba da digiri na biyu cikin 'yan watanni, wasu har da digirgir. Takardarsu ba ta wuce bangon falo.

Wanda yake son hanyar jami'a zalla, Jami'ar Jos tana da sashen nazarin addini da falsafa. Can ana nazarin addini ne a matsayin fannin ilimi, Kirista da Musulmi a sashe ɗaya, babu sujadar safe, babu mai bin diddigin rayuwarka ta ruhaniya. Yana da amfaninsa, musamman ga mai bincike kan zaman Kirista da Musulmi, amma ba horon fasto ba ne.

Daga Farin Gada na ratsa gari na nufi Bukuru, kimanin kilomita 15 kudu da Jos. A gefen hanya ana hango tsofaffin ramukan haƙar kuza da ruwa ya cika, da gonakin da aka kewaye da shingen ƙyarana. TCNN, Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Najeriya, tana gefen gari cikin duwatsu. Ta fara karatu a 1959, shugabanta na farko Harry Boer ne, kuma mallakar TEKAN ce, wato Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Najeriya. Wannan tarayya ita ce ta ba makarantar kamanninta. A aji ɗaya za ka ga 'yan ɗariku dabam-dabam: ɗan COCIN daga Filato, ɗan EYN daga Borno ko Adamawa, ɗan LCCN daga Numan, ɗan NKST daga ƙasar Tibi, ɗan CRCN daga Taraba. Wasunsu suna yi wa jarirai baftisma, wasu ba sa yi. Wasu suna da bishop, wasu ba su da shi. 'Yan EYN sun gaji koyarwar ƙin ɗaukar makami, wasu kuwa ba haka suka tashi ba. A ganina wannan shi ne babban abin da ɗalibi zai samu a can: dole ya koyi kare koyarwar ikilisiyarsa da hujja a gaban ɗan'uwa mai bi da bai yarda da ita ba, kuma su ci tuwo tare da yamma. Makarantar ɗarika guda tana da nata ƙarfin, domin tana shirya ka daidai da inda za ka yi aiki. Mutum ya san wanne yake nema.

A harabar akwai kantin littattafai na ACTS, wanda aka kafa don samar wa makarantun tauhidi littattafan karatu da sauƙin kuɗi. Duk mai zuwa Jos don karatu ya ware kuɗin littafi dabam ya fara da nan. Akwai kuma sashen nazarin harsuna da fassarar Littafi Mai Tsarki, wanda ya dace da duk wanda harshensu bai samu fassara ba tukuna, kuma irin waɗannan harsuna suna da yawa a Filato da Kudancin Kaduna da Bauci da Taraba.

A ɗaya daga cikin makarantun na roƙi izini na zauna a bayan ajin Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi. Malamin ya rubuta jimla guda daga wasiƙar Yohanna ta fari a allo, ya nuna wani dattijo mai furfura a layin gaba, ya ce, "Baba Rabaran, a taimaka mana da wannan aikatau ɗin." Dattijon ya miƙe, ya faɗi lokacinsa da mai yinsa da adadinsa da asalin kalmar, ya yi tuntuɓe a wuri ɗaya, wata ɗaliba daga baya ta ce, "Baba, jam'i ne, a duba ƙarshensa." Ya gyara, ya zauna, aka wuce ga na gaba. Haka aka bi ajin kaf, kalma bayan kalma, babu wanda ya tsira. A nan ne digiri na biyu ya rabu da makarantar Littafi Mai Tsarki da muka saba. Ba a tambayar me ayar ta faɗa maka sai ka fara nuna me aka rubuta.

Harsuna biyu, Helenanci da Ibrananci na Tsohon Alkawari, su ne suka fi kayar da ɗalibai, kuma dalilin a fili yake. Haruffan Helenanci 24 ne, mako guda ya isa a san su, sai mutum ya saki jiki. Daga mako na uku ƙarshen sunaye ya fara sauyawa bisa aikinsu a jimla, jinsi uku ne ba biyu ba, sa'an nan aikatau ya shigo da siffofinsa masu yawa. Kowane darasi a kan na jiya yake zaune. Fasto ya tafi jana'iza gida ya yi mako guda, ya dawo ya tarar an yi masa nisan da ba ya kamuwa. Malamai da ɗaliban da suka ci nasara bakinsu ɗaya a kan magani: kullum kaɗan, ba rana ɗaya da yawa ba. Minti 45 da asuba, sababbin kalmomi 10 a ƙananan katuna, a maimaita na jiya da na shekaranjiya da babbar murya. Lissafin ma yana ƙarfafa zuciya. Sabon Alkawari na Helenanci yana da kalmomi kimanin 138,000, amma waɗanda suka fito sau 50 ko fiye ba su wuce 300 da 'yan kai ba, kuma su kaɗai sun ɗauke kusan kashi 80 cikin 100 na rubutun. Wanda ya riƙe kalma 10 a rana, cikin wata biyu ya mallake su har da bita. A fara karatu da Yohanna da Markus. Ibraniyawa da Ayyukan Manzanni a bar su sai ƙafa ta yi ƙarfi.

Ibrananci kuwa, mai jin Hausa yana da rabon da bai san yana da shi ba. Harsunan biyu dangi ne na nesa, daga babban gida ɗaya da Larabci. Baƙaƙensa 22, daga dama ake karantawa zuwa hagu, wasula kuma ɗige-ɗige ne a ƙasa da saman baƙi, abin da duk wanda ya taɓa ganin ajami ba zai yi masa baƙo ba. Yana raba namiji da mace a mutum na biyu kamar yadda muke raba gidanka da gidanki. Aikatau ɗinsa yana da manyan siffofi 7 da ke juya ma'anar saiwa ɗaya, kuma mai cewa saya, sayo, saye, sayar, sayu ya riga ya san wannan dabara tun yana goye. Matsalar ita ce littattafan nahawun da ake amfani da su an rubuta su ne don masu jin Turanci, sai ɗalibinmu ya zagaya ta Turanci ya wahala a kan abin da harshensa ya ba shi kyauta. Malamin da ya san Hausa ya kwatanta da ita, ajinsa yakan yi sauri. Littafin Rut da na Yunusa su ne wurin farawa. Wanda zai yi bincike a Daniyel ko Ezra ya sani akwai surorin da aka rubuta da Aramaik, harshe na uku ke nan.

Kayan aikin ba su da yawa: Sabon Alkawari na Helenanci bugun Nestle-Aland na 28 ko na UBS na 5, Tsohon Alkawari na Ibrananci bugun BHS, ƙamus ɗaya na kowanne. Manhajar STEP Bible kyauta ce, kuma tana nuna nahawun kowace kalma. Amfaninta babba ne, haɗarinta ma haka, domin wanda ya dogara da ita tun zangon farko ba zai taɓa karatu da kansa ba.

Da yamma na zauna da wasu ɗalibai a gaban ɗakunan kwanansu, ana shan gwaten acca saboda sanyi. Hirar ba ta tauhidi ba ce, ta lokaci ce da kuɗi. Ƙa'idar da aka sani ita ce kowace awa ɗaya a aji tana bukatar awa 2 na karatu a waje. Mai ɗaukar awa 12 a mako yana bukatar awa 36 ke nan gaba ɗaya, aikin cikakken ma'aikaci. Fasto da ke riƙe da ikilisiya yana da wa'azin Lahadi, addu'ar tsakiyar mako, gaisuwar marasa lafiya, sulhun ma'aurata, taron dattawa, ga biki ga jana'iza. Awa 36 ba za ta fito daga nan ba. Shi ya sa takarda mafi muhimmanci a jakar ɗalibi ba ta makaranta ba ce, ta ikilisiya ce: wasiƙar sallama zuwa karatu daga DCC ko RCC, wato majalisar ikilisiyoyin gunduma ko yanki, wadda ta faɗi shekara nawa, wa zai riƙe aikin, za a ci gaba da biyan albashi ko rabinsa, iyali za su zauna a gidan fasto ko za su tashi, kuma shekara nawa zai yi wa ikilisiya aiki bayan ya gama. Alkawarin baki ba ya tsallake zaɓen sababbin shugabanni. Wani daga cikinsu ya ce mini, "Malam, wanda ya ce maka je ka muna bayanka, in ya sauka daga kujera, ka waiwaya ba kowa." A rubuta, a sa hannu, a shigar a littafin miniti.

Ga wanda ba za a iya sakinsa ba akwai karatun hutu da na zango-zango, inda ake zuwa 'yan makonni a yi kwas a dunƙule a koma. Yana yi wa kwasa-kwasan tarihi da shugabanci da aikin fasto daidai. Ga harsuna kuwa ban yarda da shi ba, sai in mutum yana da horon kansa ƙwarai, domin abin da aka cusa cikin mako 6 yakan zube kafin zuwa na gaba.

Kuɗin makaranta yana sauyawa kowace shekara, a tambayi ofishin kuɗi kai tsaye a karɓa a rubuce. Abin da ba ya cikin takardar shi ne ke karya mutane: hayar ɗaki in da iyali, makarantar yara, abinci a garin da ba ka da gona, kwamfuta da batirin da zai riƙe wuta, kuɗin data, kuɗin mota zuwa wurin bincike, buga kundi sau da yawa kafin a amince, ɗaurinsa, kuɗin zaman kare shi, da kuɗin ƙarin zango in lokaci ya ƙure. Shawarata a haɗa lissafin duka a ɗora sulusi a kai.

Na ɗauki lokaci a laburare ina buɗe kundayen da ɗaliban baya suka rubuta, kuma a nan na fahimci inda yawancin masu digiri na biyu suke maƙalewa. Shiga ba wuya. Kwasa-kwasai ma ana gama su. Kundin bincike ne ke riƙe mutum shekara da shekaru, har wasu su bar shi. Tsarinsa sananne ne: a gabatar da take, a ba ka malami mai duba aiki, ka rubuta shimfiɗar bincike ka kare ta, ka yi aikin, yawanci babi 5, a tantance ko ka kwafi aikin wani, sa'an nan ka kare shi a gaban kwamiti da mai jarrabawa daga waje. Inda ake faɗuwa tun daga take ne. "Matsalolin aure a ikilisiya" ba take ba ne, rumbu ne da ba a san ta inda za a fara ɗiba ba. Amma a ce yadda dattawan ikilisiyoyi 6 na gunduma guda suka yanke maganar mai mata fiye da ɗaya da ke neman baftisma daga 1980 zuwa 2010, da ayoyin da suka kafa hujja da su, wannan ana iya gama shi cikin shekara. Yana da wuri, yana da lokaci, yana da takardun da za a buɗe da mutanen da za a tambaya. Haka mai son nassi: maimakon "gafara a Sabon Alkawari", ya ɗauki misalin bawa marar gafara a Matiyu 18:21-35, ya bi shi a Helenanci, sa'an nan ya ji yadda gwaurayen da rikici ya raba da mazajensu suke fahimtarsa. Jos ta ga rikici a 2001 da 2008 da 2010, ikilisiyoyin Borno da Adamawa sun ga abin da ya fi haka, tambayoyin nan ba na cikin littafi ba ne kawai.

Abin da ya dame ni a kundaye da yawa shi ne takardar tambayoyi. An rubuta ta da Turanci, an raba 200 bayan sujada ga zumuntar mata da dattawan da Hausa ko harshen gida suke sujada da shi, wani matashi ya cike wa mutum goma, aka zuba a jadawali aka fitar da kaso. Lissafin ya yi kyau a ido, amma bai faɗi abin da kowa yake tunani ba. Hira baki da baki da mutum 20, da harshen da suke addu'a da shi, ta fi wannan nesa ba kusa ba. Sai dai a san nauyinta: awa ɗaya ta hirar da aka naɗa tana cin awa 5 zuwa 6 wajen rubutawa, ban da fassara. Mutum 20 ya kai awa 100 zuwa 120. A nemi izinin kowa kafin a kunna waya, a ɓoye sunan wanda maganarsa za ta iya jawo masa fitina, a ajiye asalin Hausar a ƙarshen kundi don mai jarrabawa ya gani. In an kawo aya da Hausa a faɗi wace fassara ce, domin ta 1932 da ta 1979 da sababbin da suka biyo baya ba kalmominsu ɗaya ba, kuma tsofaffi da yawa da ta farkon suka haddace.

Sauran abubuwan ƙanana ne amma suna cin watanni. A koyi tsarin rubuta madogara da makarantar ke bi tun zangon farko, yawanci na Turabian ne, a sa manhajar Zotero ta riƙe sunan kowane littafi da shafinsa ranar da aka karanta shi. Wanda ya kwafi sakin layi a littafin rubutunsa bai sa alama ba, bayan wata 8 zai ɗauka nasa ne, na'urar tantancewa kuwa ba ta san mantuwa ba. A ajiye kundi a wuri 3: kwamfuta, filashi, da imel. Game da malami mai duba aiki, kafin a roƙi wani a tambayi ɗalibansa na yanzu mutum nawa yake dubawa, kuma babi yakan yi mako nawa a hannunsa. Sanannen farfesa mai ɗalibai 20 da tafiye-tafiye bai kai matsakaicin malami mai ɗalibai 4 amfani ba. A kai masa babi ɗaya-ɗaya, kada a tara.

Daga Bukuru na bi ta Vom da Ganawuri na gangara Manchok, na shiga Kagoro. Gangarowa daga tudun zafi yake dawowa a hankali, ciyayi su yi duhu, ga dutsen Kagoro tsaye a bayan gari. Makarantar tauhidi ta ECWA da ke nan ta girmi ta Jos nesa, tun farkon shekarun 1930 mishan ɗin SIM ta fara ta a matsayin makarantar Littafi Mai Tsarki. Garin ƙarami ne, rayuwa ta fi sauƙin kuɗi, kuma mai iyali daga Kudancin Kaduna yana kusa da gida da gona. Abin da zai rasa shi ne tarin laburare da kantunan littafi da ke Jos, don haka ya shirya hawa tudun lokaci-lokaci in ya kai ga rubutu.

Ba nisa da nan Kwoi take, garin Byang Kato, wanda aka sa wa laburaren JETS sunansa. An haife shi a 1936, ya yi karatu a Igbaja da Landan da Dallas ta Amurka, ya zama babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka, ya rasu a teku a Mombasa a Disamba 1975 yana da shekara 39. Shi ne ya matsa a kafa manyan makarantun tauhidi a cikin Afirka don kada kowa sai ya ƙetare teku, kuma daga wannan tunani aka samu ta Bangi, a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ga masu Faransanci da ta Nairobi ga masu Turanci. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi karatu da Faransanci, Bangi da Abijan suna gabansu. In kuwa Jos suke so, su ware watanni na koyon Turanci, su kuma kawo takardunsu da fassarar da hukuma ta amince da ita. A Gana akwai cibiyar Akrofi-Christaller a Akropong, wadda Kwame Bediako ya jagoranta, inda ake ba harshen uwa muhimmanci a nazarin tauhidi. Mai hangen PhD a waje ya san cewa tallafin karatu irin na ƙungiyar Langham yana bukatar makaranta ko ikilisiyar da za ta tsaya masa, ta kuma karɓe shi in ya dawo, kuma ana duba makin digiri na biyu da ingancin kundinsa. Jami'o'in gida ma galibi suna neman matsakaicin maki 3.5 cikin 5 kafin su ba da gurbin PhD.

Komowa na bi ta Kafanchan da Zonkwa da Kachiya na fito Kaduna, hanyar da ita ma da rana ake binta. Na tsaya a Kaduna saboda masu son tarihin ikilisiya. Ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa tana nan, da Gidan Arewa, kuma a cikinsu akwai fayilolin zamanin Turawa kan izinin buɗe tashoshin mishan da makarantu da asibitocin kutare a lardunan Arewa. A zo da wasiƙar gabatarwa daga makaranta da katin ɗalibi, a tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto kafin a fito da waya, a rubuta lambar kowane fayil daidai yadda take a bangonsa domin ita za a sa a madogara. Takardun mishan suna faɗin abin da Bature ya gani ne, sunan mai bishara ɗan ƙasa da ya yi aikin sau da yawa ba ya ciki. Nasa labarin yana cikin littattafan miniti da rajistar baftisma da ke cikin akwatunan ofisoshin LCC, wato ƙananan majalisun ikilisiya, inda gara da ɗigar ruwa suke cinsu, da kuma bakin 'ya'yansa da suka haura shekara 70. Ɗalibin da zai yi wannan aiki ya fara da tsofaffin kafin takardun, ya ɗauki hoton kowane shafi na littafin miniti, ya bar wa ikilisiyar kwafi ɗaya.